Kananzir a Tandar Daso

Sabo ne ya zubar wa matarsa mutunci. Sabo Masinja, mai ɗingishi, na bayan masallacin unguwa, wanda ba a raba shi da sahun gaba. Ba Sailuba maƙwabciyarsu ba ce, ko da yake bakinta ya yi nasa aikin. Ba shaiɗan ba ne, don an cika ɗora wa shaiɗan kayan da ba shi ya ɗaure ba. Sabo ne da hannunsa, ya kuma koma ya naɗe ƙafa yana jan carbi alhali gari na kiran matarsa mai zuba wa mutane guba a abinci. Wanda ya ji rabi a bakin famfo, to ya zauna ya ji saura.

Daso sunan matar, kuma waina ce sana'arta tun tana da ƙuruciya. A shekarun nan ne gwamnati ta ɗauke sunan Abuja ta kai wa dajin da za a gina sabon birni, mu aka bar mu da Suleja. Baƙi suka yi ta kwarara daga Kano, daga Zariya, daga Katsina, kowane gida aka yanka ɗakin haya, kuma inda mutane suka taru ba a rasa haihuwa. Duk sunan da za a yi a unguwar, da Daso ake fara shawara kafin a je wajen mai rago. Tana da ƙaramar tanda ta kullum, wadda take toya wa yara ta kalaci. Tana kuma da babba, ta ƙasa, wadda wata tsohuwar Bagwariya ta gina mata a Chaza, mai gurabe da yawa, ta sha man gyaɗa shekara da shekaru har ta yi baƙi tana sheƙi. Wannan ba a sauke ta sai da dalili. A rataye take can ƙuryar madafi, an rufe ta da tsohon zane.

Shi kuwa Sabo babur gare shi. Ba irin 'yan ƙananan nan na Japan da samari suka cika gari da su bayan ƙarin albashin Udoji ba. Tsohon babur ne na Ingila, baƙi, mai nauyi kamar bajimi, wanda wani Baturen ofishin gona ya bar masa da zai koma ƙasarsu, lokacin Sabo yana masinja a wurin. In ya tashe shi a ƙofar gida, har mutanen Bakin Iku can nesa sun san Sabo zai fita. Da wannan babur ya faɗi a gangaren Tafa, cinya ta karye, aka yi ɗori ya kama a karkace. Yana kwance ɗaki cike da 'yan dubiya, yayansa Malam Nata'ala, limamin unguwa, ya shigo da Alƙur'ani ya sa shi ya dafa, ya rantse ba zai ƙara hawan babur ɗin nan ba, ba zai ƙara taɓa shi ba. Aka tura babur ɗakin marigayiya mahaifiyarsu, aka danna kwaɗo. Daga ranar Malam Nata'ala ya sami abin misali. Duk yaron da ya yi alkawari ya saɓa, sai ya ce masa, "Ka je ka kalli Sabo." Sabo kuma ya ji daɗin a riƙa kallonsa.

Amma ɗaki da mabuɗi a aljihun mai shi ba kulle ba ne. Ƙafa na warkewa ya fara shiga, wai zai kori ɓera. Daga korar ɓera aka koma share ƙura, daga share ƙura Daso ta leƙa wata rana ta tarar da injin a ƙasa, Sabo ya baje kayan cikinsa a kan tabarma kamar mahauci.

A nan ne nata laifin yake, kuma ba za a ɓoye ba: ba ta hana shi ba. Tun da ya faɗi ya zama kamar kazar da ruwa ya doka, ba magana, ba dariya, abinci ma sai an yi da gaske. A ɗakin nan kuwa ta ga fuskar mijinta ta dawo. Ta tuna lokacin da take amarya yana ɗaukar ta zuwa Chaza, tana riƙe da ƙarfen kujera don kunyar ta riƙe shi, iska na neman ƙwace mata mayafi. Sai ta ja ƙyaure ta koma madafi.

Ba shiru kawai ta yi ba, hannu ta sa. Ranar da zai wanke tsatsar tanki, ya zuba tsakuwa da kananzir yana jijjigawa, ita ta jawo turmi ta hau daka ba gaira ba dalili don kada maƙwabta su ji. Ranar da zai buga guduma ma haka. Ita ta ajiye masa kwalin sukari ya yanka fakin mai hana yoyo a bakin injin, don na ainihin ba a samun sa ko a Kaduna. Ita ta sayo kitsen saniya a kasuwa ya haɗa da giris ya dafa sarƙa a tsohuwar garwa, ya rataye ta tana ɗiga. In Linus, bakaniken bakin tasha, ya samo masa wani ƙarfe, a ƙasan kwanon waina take shigo da shi gida. Wata rana Malam Nata'ala ya shigo gaisuwa ya ɗaga hanci ya ce, "Daso, kamar warin fetur nake ji." Ta durƙusa ta dubi ƙasa ta ce, "Rishon 'yan haya ne, Yaya." Tsohuwa da furfura ta yi wa liman ƙarya saboda ƙarfe.

To, ana nan sai matar Alhaji Maiturare ta haihu. Mutumin Kano ne, yana haya a gidan da ke jikin nasu, matarsa Sailuba yarinya ce mai baki. Da ma sun taɓa haɗuwa da Daso a kan kwata, don ruwan wankinsu na cin gindin katangar Daso, aka yi cacar baki har unguwa ta fito. Duk da haka da suna ya zo, Daso aka aika wa shinkafa da mai, don babu wata. Daso ta ce a ranta, bari in kunyata yarinyar nan da alheri. Ta jiƙa, ta kai niƙa, ta kwaɓa ƙullu ya tashi yadda take so, ta sauke babbar tanda.

Ranar sunan Litinin ce, tana azumi, don haka ba ta ɗanɗana ba. Damina ce, itace a jiƙe, sai da ta yayyafa kananzir sannan wuta ta kama. Ga mura ta toshe mata hanci. Tana suya ta ɗan ji wani wari-wari, ta ce na hura wuta ne, zai wuce. Waina ta fito jawur, gefe ya yi ƙus-ƙus, aka cika daro aka ɗauka.

Hantsi bai gama ɗagawa ba ta ji hayaniya a ƙofar gida. Uwar Sailuba ce, wadda ta zo daga Kano zaman jego, ta shigo da daro a ka, mata na biye da ita. Ba sallama. Ta sauke daron ta kife shi a tsakar gida, waina ta gangara har gindin turmi.

"Ga kayanki, baiwar Allah. Ki ci ke da naki."

Daso ta miƙe da ludayi a hannu. "Hajiya, lafiya?"

"Lafiyar ke nan. Maijego na can tana kelaya amai, jaririya na tsala kuka ba nono. Yara uku a kwance. Malaman da suka zo raɗin suna sai tofarwa suke a bayan katanga. In kwata ce ta ɓata miki rai, ai sai ki rushe kwatar, ba ki nemi ran 'yata ba."

Daso ta ɗauki ɗaya ta gutsura ta kai hanci. Ko da mura ta ji. Kananzir ne, ba ɗan kaɗan ba, kamar an tsoma ta a fitila. Ta buɗe baki, magana ta ƙi fitowa. Wata daga baya ta ce, "Ai ga shi nan, ta kasa cewa komai." Wata ta ce, "Wai kuma azumi take yi." Kaji suka taru a kan wainar, su ma suka ɗan tsattsaga suka watse.

Sabo yana zaure duk abin nan. Bai shigo ba sai da suka tafi. Ya tsaya ya dubi wainar, ya dubi tandar da ke kan murhu, ya ce, "Ƙaddara ce. Sai haƙuri." Ya koma.

Allah ya taimaka ba wanda ya mutu. Amma akwai abin da ya fi mutuwa ɗaci ga mai sana'ar abinci. Washegari ta hura wuta ta ɗora ƙaramar tanda kamar kullum, ba yaro ko ɗaya da ya shigo da kwano. Ta zauna har ƙullu ya yi tsami. In ta je famfo, hira ta mutu, kowa ya janye bokitinsa ya bar mata wuri, irin barin wurin da ake yi wa mai kuturta. Yara suka sami waƙa, suna bin bayan katanga suna cewa Daso mai kananzir, a ƙyasta ashana ta kama. Matar da ta riga ta ba ta shinkafar biki ta aiko a karɓo mata abinta, wai an ɗaga. Daso ta daina fita. Ko gaisuwar mutuwa aka yi sai ta ce ƙafa ke ciwo.

Abin da ya fi cin ta, ita kanta ba ta san gaskiya ba. Ta yi ta juya safiyar nan a ranta. Ina ta ajiye kwalbar kananzir? Ta wanke hannu kafin ta taɓa ƙullu? Ko tsufa ne ya zo, ta ɗauki wannan kwalba a maimakon waccan? Ta kai ga in ta zuba wa Sabo tuwo sai ta sunkuya ta shinshina kafin ta miƙa masa. Shi kuwa ya karɓa ya cinye, ya suɗe hannu, ya ce Allah ya yi albarka. Bai taɓa barin loma ba.

Linus ne ya fasa ƙwan, kuma bai san ya fasa ba. Ya yi tafiya garinsu sayen kayan gyara, bai ji abin da ya faru ba. Da ya dawo ya biyo da fulogi a aljihu, ya yi sallama a zaure, Daso ta fito don Sabo yana masallaci.

"Mama, sannu da gida. Kin rame fa. Ba ka ci abinci?"

"Ina ci, Linus. Ka dawo lafiya?"

"Lafiya lau. Ga na Baba, ki ba shi. Wannan karo sai ya tashi, ko ya so ko bai so ba." Ya yi dariya ya dafa ƙirji. "Amma Mama, Baba yana da kai. Ni da nake aikin nan tun ina yaro ban taɓa tunani ba. Har na ce matana ta sayo mini irin shi in ajiye a gareji."

"Irin me?"

"Kaskon waina naki mana, babban. Kafireta akwai ƙanana-ƙananan kaya a ciki, allura, sifirin, noti kamar ƙwayar gero. In ka zuba a gwangwanin madara duk sai ya cakuɗe. Baba ya ce har kaza ta haɗiye masa ɗaya. Sai ya ɗauko kaskon, kowane rami da nasa, a jere yadda ya kwance, ya cika da kananzir ya bar su su jiƙa. Da na gani na ce, Baba, kai ne oga."

Daso ta karɓi fulogin. Ta ce, "Yaushe ka gani?"

"Kafin in tafi. Ranar da kin je biki Madalla." Ya dubi fuskarta, dariyar ta tsaya. "Mama, na yi laifi?"

"Ba ka yi ba. Ka gaida iyali."

Ta shiga madafi ta sauke tandar. Ba ta sa mai ba, ba ta sa komai ba, ta ɗora ta a kan garwashi tsirara, ta tsuguna tana kallo. Da zafi ya ratsa, sai gurabe suka fara gumi. Wani siririn hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya tashi, warin ya cika madafin. Murar ta warke, ba abin da ya ɓuya. Ta daɗe a tsugune. Ba fushi ne ya fara zuwa ba, kunya ce, don ta tuna duk safiyar da ta shinshina tuwonsa yana kallon ta.

Da Sabo ya dawo daga azahar ya wuce ɗakin babur kai tsaye. Ta bi shi ta tura ƙyaure. Yana zaune a ƙasa, ƙafar mai ɗori a miƙe, yana goge salansa da tsumma. Babur ɗin ya kusa haɗuwa, tanki ya sha sabon fenti, sarƙa ta hau. Ta ajiye masa fulogin a gabansa.

"Linus ya kawo. Ya ce yana gaida oga mai kai. Shi ma zai sayi tanda."

Tsumman ya tsaya a hannunsa. Bai ɗago ba.

"Malam, da kai nake."

"Na wanke ta, Daso. Wallahi na wanke. Da toka, da omo, na shanya a rana, na shafa man gyaɗa na mayar inda take. Ban zaci..."

"Ƙasa ce. Ƙasa tana sha. Ko yaron goye ya san ba a zuba kananzir a tukunyar ƙasa." Ba ta ɗaga murya ba, saboda 'yan haya. "Wannan ma duk na yafe. Ba ka sani ba. Amma ranar da aka kife mini daro ka shigo ka dubi tandar nan. Na ga ka dube ta. Ka ce ƙaddara."

"To me zan ce? In ce ina jiƙa kafireta? Kafiretar me? Na dafa Alƙur'ani a gaban mutane, Daso."

"Kaffara ce. Mutum goma za ka ciyar. Ni zan toya wainar, in akwai mai ci."

"Ba kaffarar ba ce. Idon mutane ne. Da ni Yaya ke yi wa yara misali. Da wace fuska zan tsaya a sahu?"

"Ni tawa fuskar ta katako ce?"

Ya juya fulogin a yatsu. Sannan ya sassauta murya, irin sassautawar da yake yi in yana son a ƙara masa miya. Ya ce ai ya riga ya gyara magana. Ya sami Yaya, Yaya ya sami Alhaji Maiturare, an shirya zama ranar Alhamis bayan la'asar a zauren Yaya. Abin da za ta yi kawai ta durƙusa ta ce kuskuren hannu ne, kananzir ya zube mata a ƙullu ba ta lura ba, ta roƙi gafara, a yi fatiha a tashi.

"Ke mace ce," ya ce. "Kuskuren madafi ne, kowace mace na yi. Gobe an manta. Ni kuwa in tawa ta fito, har kabari."

"Wa zai ƙara cin wainar wadda ba ta san kananzir daga mai ba?"

"Za su ci. Kuma Daso," ya ɗago ya dube ta, karo na farko, "in ta fito, ba ni kaɗai za ta fito wa ba. Wa ke daka in ina buga guduma? Wa ya ce wa Yaya rishon 'yan haya ne?"

Ka ji mugun mutum. Abin da ta yi don ta ga ya yi dariya, shi ya ɗauko ya ɗora mata a wuya. Kuma ya same ta, don gaskiya ce. Ta fita. Har ranar Alhamis ta zo tana koya wa bakinta maganar: kuskure ne, hannuna ne, ku yafe mini. Tana shara tana maimaitawa. Ta gaya wa kanta ai rufin asirin miji ibada ne, ai ta tsufa, nawa ya rage.

Zauren Malam Nata'ala ya cika fiye da yadda aka ce. Alhaji Maiturare na gefe yana ƙamshi, dattawan masallaci sun jeru, Sabo na kusa da yayansa da carbi. Mata suna bakin ƙofar cikin gida, uwar Sailuba a gaba, Sailuba a bayanta da jaririya a kafaɗa, ta rame. Daso ta dubi ramar yarinyar ta sunkuyar da kai. Ta cire takalmi ta durƙusa a bakin tabarma, ta ja mayafi har goshi.

Malam Nata'ala ya yi addu'a, ya yi nasiha a kan haƙƙin maƙwabtaka, ya ce, "To Daso, ga mutane. Faɗi abin da ke bakinki."

"Yaya, ni dai... abin da ya faru bai yi daɗi ba. Ina roƙon Hajiya da Sailuba da Alhaji su yafe..."

"A'a," in ji uwar Sailuba daga ƙofa. "Allah gafarta Malam, ba haka za a yi ba. Yafiya ba wuya. Amma ni zan koma Kano in bar 'yata katanga ɗaya da matar nan. Ta rantse. In hannunta ne ya kuskure, ta dafa ta faɗa, hankalina ya kwanta."

Dattawa suka gyaɗa kai. Malam Nata'ala ya ce wannan ba laifi ba ne. Ya miƙa hannu ya sauko da gafakar Alƙur'ani daga ƙusa, ya ajiye a kan buzu a gaban Daso. Ya tambaye ta ko tana da alwala, ta ce tana da ita.

"To ki dafa, ki ce kananzir daga hannunki ya zuba bisa kuskure, ba ki san wani abu bayan wannan ba. Kada ki ji tsoro. Mai gaskiya ba ya tsoron rantsuwa. Gidanku ma gidan riƙon rantsuwa ne, ga mijinki nan."

Daso ta dubi gafakar. Ta dubi Sabo ta ƙarƙashin mayafi. Ta ba shi lokaci, Allah ya sani ta ba shi. Ta jira ya yi tari, ya motsa, ya ce Yaya dakata. Abin da ya yi kawai, ya lumshe ido ya ɗan gyaɗa mata kai, wato ta dafa. Wutar ma yana son ta shiga masa.

Ta mayar da hannunta cikin zane.

"Ba zan dafa ba, Yaya."

Uwar Sailuba ta ce, "Kun gani ko."

"Ki bari in gama, Hajiya, ke kin yi taki a tsakar gidana ban tanka ba." Daso ta gyara durƙuso. "Ni na toya wainar, ni na aika, wannan nawa ne, kuma Sailuba ki yafe mini wahalar da kika sha ke da 'yarki. Amma ban zuba komai a ƙullu ba, da gangan ko da kuskure. Tandar ce ta sha kananzir, kuma ba ni na shayar da ita ba. Yaya, ranar da ka ce kana jin warin fetur na ce maka risho ne, ƙarya na yi maka, da furfurata. Wannan ma nawa ne, zan ɗauka. Babur yana nan a ɗakin Inna, an kusa gama haɗa shi. A aiki mutum ya je ya gani, mabuɗin na aljihun ƙaninka na dama."

Malam Nata'ala ya juya a hankali. Carbin ya tsaya a hannun Sabo.

"Daso," in ji Sabo ƙasa-ƙasa, "a gida ma yi maganar nan."

"A gida aka yi ta, ba ta yi ba. A titi aka yi mini waƙa, a famfo aka guje ni, a gaban mata aka kife mini daro kana zaure kana ji. Ba na neman a dake shi, Yaya, ba na neman a hana shi sahu. Sunana nake so a mayar mini, kuma ba da bakina zai dawo ba, don an riga an ce ni maƙaryaciya ce, na kuma tabbatar yanzu. Da bakinsa zai dawo. Ya faɗa a nan, ya faɗa a ƙofar masallaci, ya bi gidajen da yaransu suka yi amai ya faɗa."

Ta janye mayafin daga goshi ta dubi Sabo sosai, a gaban yayansa da baƙi da kowa.

"Malam, ga Yaya, ga Alhaji, ga yarinyar da ta kwana tana amai. Ɗago kanka. Wa ya zuba kananzir a tandata? Ka amsa musu."